Yadda babbar manhaja ke tashi daga filashi ba tare da taɓa faifan ciki ba

Wanda ya taɓa kai kwamfutar da ta ƙi tashi wurin mai gyara, ba mamaki ya ga mai gyaran ya zaro ɗan filashi daga aljihu, ya soka shi, ya kunna na'urar yana danna F12 ko Esc, kafin minti biyu sai ga wata babbar manhaja ta daban ta bayyana da burauzarta da komai nata, alhali kuwa Windows ɗin da ke ciki ta lalace, ko ma an cire faifan cikin gaba ɗaya. Idan aka tambayi mai gyaran inda wannan manhaja take zaune, amsar da ya fi bayarwa ita ce tana gudana a cikin RAM, wato ma'adanar wucin gadi wadda duk abin da ke cikinta yake gogewa da zarar wuta ta yanke. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ta dunƙule abubuwa uku mabambanta a wuri guda. RAM tana yin aiki uku a wannan tsari, kowanne da dalilinsa da kuma tsadarsa, kuma yawancin ruɗanin da masu amfani ke shiga, kamar saƙon da ke cewa wuri ya ƙare alhali filashin yana da sauran gigabait 20, yana tasowa ne daga rashin rabe su.

Tushen matsalar shi ne babbar manhaja ba ta iya zama ba tare da rubutu ba. Tun daga daƙiƙun farko na tashinta take rubuta rahoton abin da ya faru, da adireshin da ta samu daga hanyar sadarwa, da ƙananan fayilolin da shirye-shirye ke sanar da juna da su cewa suna raye, da sauran tarkacen wucin gadi. An gina ta ne bisa zaton akwai faifai a ƙarƙashinta da za ta karanta ta kuma rubuta a kai yadda ta ga dama. Faifan CD kuwa ba ya karɓar rubutu bayan an buga shi. Filashi yana karɓa, amma mai arha daga cikinsa yana da nawa ƙwarai wajen ƙananan rubuce-rubuce masu yawa, ɗakunan ajiyarsa suna gajiya da yawan gogewa da sake rubutawa, sannan ana iya fizge shi a kowane lokaci. Saboda haka dabarar duka ta ginu ne a kan raba karatu da rubutu: abin da za a karanta ya zauna a kan filashi ba tare da an taɓa shi ba, abin da za a rubuta kuma a karkatar da shi zuwa RAM, ba tare da shirye-shiryen da ke gudana sun san an yi musu wannan sauyi ba.

Kafin a kai ga nan, akwai shingen da ya kamata a fara tsallakewa. Idan aka kunna kwamfuta, ƙaramar manhajar da ke manne a allon na'urar ce ke fara farkawa. A tsohon tsari na BIOS, tana karanta bait 512 na farkon faifai ta miƙa masa ragama. Domin faifan CD kuma, kamfanonin IBM da Phoenix suka fitar da ƙa'idar El Torito a 1995. A sabon tsari na UEFI, tana neman yanki mai tsarin FAT a kan filashin, ta buɗe jakar EFI, ta shiga BOOT, ta gudanar da fayil mai suna BOOTX64.EFI idan na'urar ta zamani ce irin ta Intel ko AMD. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ke karɓar ragamar shi ne ɗan jagora irin su GRUB ko SYSLINUX, kuma aikinsa bai wuce ya ɗebo cibiyar manhajar, wadda masu sana'ar ke ce wa kenel, ya zuba ta cikin RAM ya sakar mata ba. To a nan ne gizo ke saƙar. Ɗan jagoran yana karanta filashi ne da taimakon BIOS ko UEFI, amma da zarar cibiya ta karɓi mulki wannan taimako ya ƙare, sai ta nemi filashin da direbobinta na kanta, wato ƙananan shirye-shiryen da ke ba ta damar magana da na'urori. Direbobin nan kuwa, na USB da na tsarin fayil ɗin da ke kan filashin, suna ajiye ne a cikin filashin da ake son buɗewa. Mabuɗin ɗaki ke nan a cikin ɗakin da aka kulle.

Aikin RAM na farko shi ne warware wannan ƙulli. Ɗan jagora ba cibiya kaɗai yake ɗorawa ba, yana haɗa mata da guzuri: ƙunshi guda mai ɗauke da direbobin da ake bukata, da 'yan kayan aiki, da rubutaccen umarni na abin da za a yi. A zamanin farko na babbar manhajar Linux ana kiran wannan guzuri initrd, kuma an yi shi ne ta hanyar yanko wani ɓangare na RAM a sa shi ya yi kwaikwayon faifai, a shimfiɗa masa cikakken tsarin fayil kamar ext2. Hanyar ta yi aiki, amma tana da asara a ɓoye. Girman yankin a ƙayyade yake, ko an cika shi ko ba a cika ba. Sannan, tun da cibiya ta ɗauke shi a matsayin faifai na gaske, duk abin da ta karanta daga cikinsa sai ta sake kwafe shi zuwa ajiyarta ta kusa, wadda ita ma a RAM take, sai ya zama abu ɗaya yana cin wuri sau biyu.

Maganin da aka samo yana da kyau a tsaya a kansa, domin shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Dama can Linux tana riƙe kwafin fayilolin da aka karanta ko aka rubuta a cikin RAM, domin kada ta riƙa komawa faifai a kai a kai. Idan wuri ya yi ƙaranci, sai ta zubar da waɗanda ta san akwai asalinsu a faifai. Sai aka ce, me zai hana a ɗauki wannan ajiya ta kusa a mayar da ita tsarin fayil mai zaman kansa, wanda babu wani faifai a bayansa? Tun da babu inda za a mayar da abin da ke cikinta, cibiya ba za ta taɓa zubar da shi ba. Wannan shi ne ramfs. Yana girma gwargwadon abin da aka zuba masa, yana kuma raguwa idan an goge, babu kwafi biyu, babu bukatar wani direba na daban. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba shi da iyaka, wanda ya ci gaba da rubutu a cikinsa zai cinye RAM ɗin har na'ura ta sandare. Ƙaninsa tmpfs, wanda ya zo da Linux 2.4 a 2001 kuma ya gaji suna da tunani daga manhajar kamfanin Sun Microsystems, ya ƙara abubuwa biyu: ana iya yanka masa iyaka, kuma idan akwai wurin ajiyar rara a faifai, ana iya kwashe abin da ya daɗe ba a taɓa ba zuwa can. Da zuwan Linux 2.6 a ƙarshen 2003, guzurin tashi ya koma wannan salo da sunan initramfs: ƙunshi ne kawai a matse, cibiya ta kwance shi kai tsaye cikin irin wannan tsarin fayil na RAM, ta gudanar da fayil mai suna init da ta tarar a ciki. Har yau mutane da yawa suna ce masa initrd, har sunan fayil ɗin ma yakan zo haka, amma abin da ke ciki ya canza tuntuni.

Yana da kyau a lura cewa wannan mataki bai keɓanta da filashi ba. Kusan kowace Linux da aka girka a faifan ciki tana bi ta cikinsa. Bambancin yana cikin umarnin da aka rubuta a guzurin. A manhajar da aka girka, umarnin yana cewa ne a nemo faifai kaza a jona shi. A ta filashi kuwa, ba a san a wace kwamfuta za a farka ba, ba a kuma san sunan da filashin zai samu a cikinta ba, don haka sai an yi lalube. Umarnin zai ɗora direbobin USB, ya ɗan dakata domin filashi yakan ɗauki daƙiƙu kafin ya amsa, sannan ya bi na'urorin ajiya ɗaya bayan ɗaya yana neman wata alama: ko dai sunan da aka laƙaba wa yankin, ko jaka mai suna live a tsarin Debian, ko casper a na Ubuntu, waɗanda duka biyun nau'o'in Linux ne. Wanda ya taɓa ganin tashi ya tsaya cak a baƙin allo mai ɗauke da kalmar initramfs, abin da ya faru shi ne laluben bai yi nasara ba, an bar shi a cikin guzurin ba tare da an sami masauki ba.

Idan aka dace, abin da ake tararwa a jakar shi ne ƙaton fayil guda, kamar filesystem.squashfs, wanda a cikinsa aka matse babbar manhajar baki ɗaya. Tunanin gudanar da Linux daga faifan CD ya faro tun Yggdrasil a 1992, amma wanda ya sa abin ya zama ruwan dare shi ne Knoppix, wadda Bajamushe Klaus Knopper ya fitar a 2000, inda ya cusa kayan da suka kai kusan gigabait 2 a faifai mai ɗaukar megabait 700, ta hanyar matsewar da ake kwancewa nan take yayin karatu. Daga baya tsarin matsewa mai suna SquashFS na Phillip Lougher, wanda ya fara fitowa a 2002 kuma ya shiga cibiyar Linux a hukumance a 2009, ya zama shi ne abin da kusan kowa ke amfani da shi. Yana yanka bayanai gunduwa-gunduwa, bisa al'ada kilobait 128 kowace, ya matse kowace daban, ta yadda idan ana son fayil guda ba sai an kwance ƙunshin duka ba. Mutum zai zaci matsewa za ta rage sauri, amma a kan na'ura mai nawa akasin haka ne ke faruwa: kwance gunduwa bai kai jiran filashi ko CD ya miƙo ta ɗaukar lokaci ba, don haka rage yawan abin da za a karanto riba ce. Amma SquashFS na karatu ne zalla, ba a iya canza ko harafi ɗaya a cikinsa.

Aikin RAM na biyu ke nan, kuma shi ne zuciyar al'amarin. A shekarun farko an yi ta faci ne: a ware jakunkunan da aka san dole a yi rubutu a cikinsu, kamar na saituna da na rahotanni da na mai amfani, a kwafe su zuwa RAM, saura a bar su a kan CD. Sakamakon haka ba a iya girka sabon shiri ba, domin inda shirye-shirye ke zama a rufe yake. Abin da ya kawar da wannan shinge shi ne tsarin fayil mai hawa-hawa: UnionFS daga jami'ar Stony Brook ta Amurka, wanda Knoppix ta rungume shi a 2005, sai aufs, sai kuma OverlayFS na Miklos Szeredi wanda ya shiga Linux 3.18 a Disambar 2014. Misalin da ya fi kusa shi ne mutum ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan shafin littafin da aka hana shi rubutu a ciki. Yana ganin rubutun littafin ta cikinta, yana kuma iya yin nasa a kanta, mai kallo daga sama zai ga shafi ɗaya ne. Littafin shi ne SquashFS, takardar kuma tmpfs ce a cikin RAM. Bayan an haɗa su, umarnin guzuri zai mayar da wannan haɗin ya zama tushen fayiloli na gaske, ya share kansa daga RAM domin ya ba da wuri, ya miƙa ragama ga babbar manhajar, wadda za ta ci gaba da tashi tana ganin kamar a kan faifai take.

Dokokin wannan haɗi guda uku ne, kuma a cikinsu ne duk abin mamakin yake. Idan aka nemi fayil, ana duba hawan sama tukuna, in babu a gangara ƙasa. Idan aka so canza fayil ɗin da ke ƙasa, sai an fara kwafo shi sama sukutum, sannan a yi canjin a kan kwafin. Ke nan gyara layi ɗaya a fayil mai megabait 500 zai ci megabait 500 na RAM. Idan kuma aka goge fayil ɗin da ke ƙasa, ba a goge komai ba, alama ce kawai ake ajiyewa a sama mai cewa a ɗauka wannan suna babu shi. Don haka wanda ya cire manyan shirye-shirye daga manhajar filashi da niyyar samun wuri bai samu ko bait ɗaya ba, sai ma ɗan ƙarin da alamomin suka ci. Haka kuma wanda ya ba da umarnin sabunta manhajar gaba ɗaya yana zuba sabon kwafin duk fayil ɗin da ya canza ne a cikin RAM, kuma sau da yawa kafin a gama wuri ya ƙare. A baya Fedora, wani nau'in Linux, ta daɗe tana bin wata hanya daban, inda take ajiye gunduwoyin da suka canza kaɗai maimakon fayil sukutum, sai dai ita kuma matsalarta ita ce goge fayil ba ya dawo da wurin da aka riga aka ci, kuma idan ajiyar ta cika tsarin yakan rikice gaba ɗaya.

A nan ne ake biyan kuɗin dabarar. A kwamfutar da aka girka wa manhaja, fayiloli suna da rumbunsu, shirye-shirye masu gudana suna da nasu. A manhajar filashi kuwa tukunya ɗaya suke ci. Bisa al'ada iyakar tmpfs ita ce rabin RAM ɗin na'ura, kuma wannan iyaka ba keɓe wuri take yi ba, shinge ne kawai da ba za a wuce ba. Faifan girka Arch Linux ma megabait 256 kacal yake ba hawan sama, sai in an ƙara masa da hannu wajen tashi. A ɗauki kwamfuta mai gigabait 4. A ce manhajar da fuskarta sun ci ɗaya da ɗoriya, burauza mai shafuka da dama ta ci wani ɗaya, sannan mutum ya sauke bidiyo mai gigabait ɗaya zuwa jakar saukewa, wadda a zatonsa a filashi take alhali a RAM take. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Cibiya za ta fara zubar da kwafin fayilolin manhaja da ta riƙe a kusa, domin su kaɗai take da ikon zubarwa, sai kuma ta dawo tana sake karanto su daga filashi kowane lokaci, na'ura ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Idan abin ya ci tura, sai ta zaɓi shirin da ya fi cin wuri ta kashe shi ba sallama, kuma galibi burauzar ce. Akwai sassauci a zram, wanda ya shiga cibiyar Linux sosai a 2014, inda ake matse abin da ba a amfani da shi a ajiye a wani lungu na RAM ɗin kanta, amma bidiyo da hotuna dama a matse suke, ba sa ƙara matsuwa.

Aiki na uku shi ne wanda mutane suka fi nufi idan suka ce manhaja tana gudana a RAM, alhali shi ne kaɗai na ganin dama. Idan aka ƙara kalmar toram a layin tashi na Debian ko Ubuntu, ko copytoram a manhajar gyara ta SystemRescue, umarnin guzuri zai kwafe ƙaton fayil ɗin nan gaba ɗaya zuwa RAM kafin ya haɗa hawa-hawan. Lissafin a bayyane yake. Filashi a ramin USB 2.0 ba ya wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa a aikace, don haka fayil mai gigabait 3 zai ɗauki wajen daƙiƙa 100 kafin a ga fuskar manhaja, kuma gigabait 3 ɗin nan sun tafi ke nan har a kashe na'ura. Faifan Ubuntu 24.04 ya kusan gigabait 6, ke nan a kwamfuta mai gigabait 4 maganar ba ta ma taso ba, a mai 8 kuwa an sayar da fiye da rabin gida domin a sayi ƙofa.

A ganina an fi zuzuta wannan zaɓi fiye da ƙimarsa ta fuskar sauri. Ko ba a yi toram ba, duk shirin da aka buɗe sau ɗaya yana zama a ajiyar kusa, buɗewa ta biyu ba ta komawa filashi, kuma wannan ajiya tana da kirkin da za ta matsa ta ba da wuri idan an bukata, abin da kwafin toram ba zai yi ba. Bugu da ƙari, fayil ɗin yana zama a RAM ne a matse, duk abin da aka karanta daga cikinsa kuma ana kwance shi a sake ajiye shi a ajiyar kusa, wato kwafi biyun da aka guje wa a zamanin initrd sun dawo ta bayan gida. Amfanin toram na gaskiya shi ne 'yantar da filashin. Da an gama kwafewa ana iya zare shi a tayar da kwamfuta ta gaba da shi, wanda ke da na'urori goma a gabansa ya san darajar hakan. Ana iya goge shi kansa a rubuta masa wani abu. Ramin USB mai sako-sako ba zai ƙara katse aiki ba. A zamanin CD kuma hakan ne ke ba da damar fitar da faifan a saka wani.

Inda zama a RAM gaba ɗaya yake da ma'ana sosai shi ne a manhajojin da aka ƙera domin haka tun asali. Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, 'yan ɗaruruwan megabait ce, tana shigewa RAM ta bar isasshen wuri ko a tsohuwar na'ura. Tiny Core, da ta fito a 2009, ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin kusan dukkanta guzurin tashin ne kawai, ba a fita daga cikinsa zuwa ko'ina. OpenBSD, wata babbar manhaja da ba Linux ba, tana da fayil guda mai suna bsd.rd wanda ya haɗa cibiya da ɗan faifan RAM na girkawa da gyara. Masu Windows ma ba a bar su a baya ba, ko da ba su sani ba: duk wanda ya taɓa girka Windows daga filashi, allon farko da ya gani Windows PE ce, wadda ake ɗora fayil ɗinta boot.wim cikin RAM a ba shi harafin X, shi ya sa idan aka buɗe wurin buga umarni a lokacin girkawa ake ganin X maimakon C.

Mantuwar da ke tattare da wannan tsari, wadda wani zai kira naƙasu, ita ce ainihin abin da wasu ke nema. Kamar allon da aka wanke, kowace kunnawa sabon farawa ne, duk ɓarnar da aka yi jiya, ko ta kuskure ko ta muguwar manhaja, ta tafi da hawan sama. Tails, wadda ta fara fitowa a 2009 domin masu bukatar sirri irin su 'yan jarida, ta gina kanta kacokan a kan wannan. Ba ta ma yarda da cewa RAM tana gogewa nan take ba, domin masu bincike a jami'ar Princeton sun nuna a 2008 cewa abin da ke cikinta yakan jima na daƙiƙu bayan yanke wuta, har ya kai mintuna idan an sanyaya ta, kuma ana iya tsamo mabuɗan sirri daga ciki. Saboda haka Tails tana share RAM da kanta wajen kashewa, kuma idan aka fizge filashin tana cikin aiki, take rufe kanta. Sai dai kada a ɗora wa dabarar abin da ba ta ɗauka. Ba ta kare mutum daga cutar da ta shiga BIOS ko UEFI, ko na'urar naɗar bugun madannai da aka maƙala a jikin kwamfuta. Wasu manhajojin filashi na gama-gari kuma sukan yi amfani da wurin ajiyar rara da suka tarar a faifan ciki, ta nan abin da ke tmpfs yana iya zuba a faifai. Mafi muni, idan hawan ƙasa ne gurɓatacce, to kowace kunnawa sabon farawa ne da cutar: a Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa faifan da aka dasa wa ƙofar baya, abin da ya sa tantance sa hannun masu manhaja kafin rubuta ta a filashi ba ƙaƙale ba ne.

Wanda ba ya son mantuwa yana iya mayar da hawan sama kan filashin. Debian tana neman yanki mai suna persistence da ɗan fayil mai fayyace jakunkunan da za a adana, Ubuntu kuma a baya ta daɗe tana amfani da sunan casper-rw. Yana aiki, amma duk matsalolin da aka gudu daga gare su sun dawo: nawar ƙananan rubuce-rubuce, gajiyar filashi, da lalacewar fayiloli idan aka zare shi ko wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu. Akwai kuma tarkon da ba kowa ke lura da shi ba, wato cibiya da guzurinta suna zaune ne a wajen hawa-hawan, don haka sabunta cibiya daga ciki ba ya canza wadda ɗan jagora zai ɗora gobe. Hanyar da na fi ganin hikimarta ita ce ta tsakiya. Puppy, idan daga filashi ta tashi, tana tara rubutu a RAM ta juye shi zuwa fayil ɗin ajiya lokaci-lokaci da kuma wajen kashewa. Alpine Linux, a salonta na aiki ba tare da faifai ba, ta fi tsauri: komai a RAM yake, ba abin da zai tsira sai wanda mai na'ura ya adana da umarnin lbu, wanda ke tattara saitunan da suka canza cikin ƙaramin ƙunshi guda da ake shimfiɗawa a tashi na gaba.

Ga mai aiki a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, musamman da kwamfutar gwanjo wadda batirinta ya mutu, lissafin yana da fuska biyu. Ɗauke wuta yana tafiya da duk abin da ba a kwafe zuwa wani wuri ba, babu kuma wata dabarar dawo da fayil da za ta yi amfani, domin ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Amma manhajar kanta ba ta jin komai, ko sau ɗari aka yanke mata wuta, tun da ba a rubutu a hawan ƙasa balle ya lalace. Abin da ya fi cutar da ita shi ne jabun filashi, irin wanda ke nuna gigabait 64 alhali 8 ne a cikinsa. Rubuta manhajar zai nuna ya kammala lafiya, tashi ma yana iya yiwuwa, sai an buɗe shirin da gunduwarsa ta faɗa a ɓangaren da babu shi sannan kurakuran SquashFS su fara zubowa. Shirye-shirye irin su H2testw da F3 suna cika filashi da bayanai su sake karantawa domin gano girmansa na gaskiya, kuma gara a ɓata wannan sa'a guda tun kafin a dogara da shi.

Shi kuma mai gyaran da aka fara da shi, sababbin kwamfutoci sun fara rage masa iko. Kariyar tashi ta Secure Boot ba ta cika hana shi ba, domin manyan manhajoji irin su Ubuntu da Fedora da Debian suna zuwa da ɗan jagora mai suna shim wanda Microsoft ta sa wa hannu, galibi ƙanana ne sukan bukaci a kashe kariyar tukuna. Abin da ke tsayar da shi shi ne BitLocker, domin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da faifan ciki a kulle tun daga farko. Manhajar filashi za ta tashi lafiya, ta ga faifan, ta faɗi girmansa, amma ba za ta karanta ko fayil ɗaya daga cikinsa ba sai an kawo mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye ne a asusun Microsoft na mai kwamfutar, ko na wanda ya fara mallakarta kafin ta iso kasuwar gwanjo.